Tarihin Unguwannin Tawa da Hanyoyin Adana Shi

Birnin Tawa, wanda ake rubuta sunansa Tahoua a takardun hukuma, shi ne babban birnin jihar da ta ƙunshi ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar, kuma yana cikin garuruwan da bunƙasarsu ta sha gaban masu rubuta labarinsu. Ƙidayar jama'a ta 1977 ta samu mutum dubu 31 da 'yan kai a cikinsa, ta 2012 kuwa ta samu fiye da dubu 117, wato cikin shekara 35 yawan mazaunansa ya kusa ninkawa huɗu. Mafi yawan mutanen da ke kwana a birnin yau, ko dai an haife su bayan an riga an yanka filayen da gidajensu suke a kai, ko kuma sun shigo ne daga ƙauyukan Adar da Azawak, saboda haka waɗanda za su iya nuna inda gonar wane ta tsaya, da inda ayarin raƙuma yake sauka, da rijiyar da aka fara ginawa a wata shiyya, sun zama 'yan ƙalilan, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Abin da ake nufi da tarihin unguwa shi ne irin wannan sani: labarin waɗanda suka fara zama a wani yanki na gari, inda suka fito, sana'ar da suka zo da ita, wanda ya ba su wurin zama, da yadda aka gaji shugabancin unguwar daga hannu zuwa hannu har ya iso ga mai unguwa na yanzu.

Marubuta tarihi suna ambaton cewa Tawa ta samo asali ne daga ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Bilbis da Fakuwa, waɗanda mazaunansu Azna ne, wato tsofaffin manoman Adar da ake ɗauka a matsayin masu ƙasa, waɗanda suka riƙe al'adun gargajiya na noma da farauta tun kafin Musulunci ya game yankin. Har yanzu Bilbis unguwa ce a cikin birnin, kuma jerin sunayen sauran unguwanni da kansa yana nuna matakan da garin ya bi kafin ya kai inda yake. Kurfayawa tana ɗauke da sunan mutanen Kurfai, ƙasar da ke wajen Filinge, Kufan Tawa tana nuni da mazaunin da aka taɓa tashi daga gare shi, Sabon Gari da Wadata kuwa sunaye ne irin na faɗaɗawar da ta zo daga baya. Sai dai suna alama ce kawai, domin ba ya faɗin shekarar da aka zo, ko dalilin tasowa, ko yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin baƙi da masu masaukinsu, kuma waɗannan su ne ainihin abin da mai neman tarihi yake bukata.

Ba za a ce ƙasar Adar ta yi rashin masana ba. A shekarar 1975 cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Yamai, wadda aka fi sani da IRSH, ta buga manyan littattafai biyu a kan yankin. Na farko shi ne na Djibo Hamani, wanda ya bi diddigin Adar kafin zuwan Turawa, ya bayyana yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ƙwace ƙasar daga hannun Kabi a 1674, da yadda ya dawo ya zauna a cikinta bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721, har zuriyarsa suka riƙe sarautar Sarkin Adar wadda daga baya ta zauna a Illela. Na biyu shi ne na Bafaranshiya Nicole Echard, wadda ta shafe shekaru tana zama da manoma da maƙeran Adar, tana rubuta yadda kowane dangi yake riƙe labarin ƙaurarsa zango bayan zango. A 2015 kuma Benedetta Rossi ta fitar da littafi a kan bauta da ƙwadago da ayyukan agaji a Adar daga 1800 zuwa 2000, inda ta fi mayar da hankali ga yankin Keita. Waɗannan ayyuka ne masu nauyi da babu mai neman tarihin yankin da zai tsallake su, amma biyu na farko da Faransanci aka rubuta su, na uku da Ingilishi, kuma dukkansu sun dubi sarauta da ƙasa da ƙauyuka ne, ba su tsaya a kan lungunan birnin Tawa ɗaya bayan ɗaya ba. Dattijon da aka zauna da shi aka ɗebi iliminsa shekara hamsin da suka wuce, da wuya a ce jikansa ya taɓa riƙe littafin da maganarsa ta shiga, kuma wannan giɓi ne da ya kamata ya dami duk wanda ya damu da yankin.

Takardun zamanin mulkin mallaka su ma suna da amfani da iyaka. Abin da ya ɗaga Tawa daga matsayin ƙauyuka biyu zuwa mazaunin hukuma yana da nasaba da yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta zana iyaka kamar baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar wa Faransawa hanya ta cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Tawa ta zama zango a kan wannan hanya tun farkon ƙarni na 20, aka kafa bariki, aka ajiye kumandan, kuma ko bayan da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka matsar da iyakar kudu, garin ya ci gaba da zama cibiyar mulki. Kumandojin sun rubuta rahotanni a kan yawan jama'a da dabbobi da sarakuna, waɗanda ake samun wasu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa. Amma wanda ya rubuta rahoto domin tara lanho, wato harajin kai, da ɗibar mutane zuwa aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946, abin da yake nema daban ne da abin da ɗan unguwa yake son sani, kuma abin da ya ji ta bakin tafinta ya ji shi, daga mutanen da suke da dalilin ɓoye masa gaskiya.

Wani abu da ya bambanta Tawa da tsofaffin birane masu ganuwa irin su Kano ko Katsina shi ne cewa tarihin unguwanninta ba ya ƙarewa a bakin gari. Gidaje da dama na birnin suna da tushe a garuruwan arewacin Adar, kamar Barmu da Kalfu da Takanamat da Afala, kuma dangantakar ba ta yanke ba, domin har yanzu ana komawa noma da damina, ana kai aure, ana zuwa ta'aziyya. Barmu, wadda take arewa maso gabas da Tawa kuma take da matsayin ƙaramar hukumar karkara, ta shahara da kasuwarta inda manoma Hausawa suke haɗuwa da makiyaya Buzaye da Fulani, ana musayar hatsi da dabbobi, kuma a irin wannan kasuwa ne ake ƙulla amanar da ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa da dillalinsa, amanar da takan wuce daga uba zuwa ɗa. Idan wani Ba'abzine ya rasa dabbobinsa a fari ya gangaro birni, sau da yawa ƙofar wanda ya sani a kasuwa yake nufa, kuma ta haka ne wasu gidaje suka samu wurin zama a gefen gari. Mai binciken da ya tsaya a cikin unguwa kaɗai zai ji rabin labari ne, sauran rabin yana wurin tsofaffin da suka rage a ƙauyen da aka taso, waɗanda sukan tuna shekarar da wane ya tashi da dalilin tashinsa fiye da yadda 'ya'yansa na birni suke tunawa.

Haka kuma wani kaso na tarihin yana wajen ƙasar baki ɗaya. Adar ta daɗe da suna wajen tafiya biɗa, wato fitar maza zuwa neman kuɗi bayan an kawar da amfanin gona, kuma Adarawa sun kafa zama a Sakkwato tun ƙarni na 19, inda har yau wasu mazaɓun birnin suke ɗauke da sunan Sarkin Adar, daga baya kuma suka bazu zuwa Gana da Abijan da Kamaru da Libiya. Da dama daga cikin gidajen siminti da suka maye gurbin na laka a unguwannin Tawa da kuɗin biɗa aka gina su, saboda haka wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa wani layi ya sauya kama cikin shekara goma, dole ya san wace ƙasa samarin layin suka fi zuwa da abin da suke sayarwa a can.

Hanyar farko ta adana wannan sani ita ce hira da tsofaffi tare da naɗar muryarsu, kuma aiki ne mai ƙa'idoji da Nijar ba baƙuwa ba ce a cikinsa, domin tun 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka wadda yanzu ake kira CELHTO, tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Ana fara aikin ne da neman izinin mai unguwa da na iyalan wanda za a yi hira da shi, a faɗa musu abin da za a yi da maganar da inda za a ajiye ta. A farkon naɗin ana ambaton rana da wuri da sunan mai magana da na wanda ya ji labarin daga gare shi, domin labarin da mutum ya gani da idonsa yana da matsayi daban da wanda kakarsa ta ba shi, kuma wannan tsari ba baƙo ba ne ga al'ummar da ta san muhimmancin isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana. Babbar wahala ita ce shekaru, saboda dattijo ba zai ce an gina masallacin unguwa a shekara kaza ba, sai dai ya ce an gina shi damina biyu bayan wata yunwa, ko a shekarar da aka yi wani sarki. A nan ne ake bukatar jadawalin abubuwan da kowa ya sani, a jera su da shekarunsu: yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, farin ɗango na 1931, samun mulkin kai a 1960, farin 1973 zuwa 1974 da juyin mulkin Seyni Kountché a watan Afrilun 1974, gasar kokawa ta ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, da yunwar 1984 da mutane da dama suke kira El Buhari. Tun da sunayen yunwa sukan bambanta daga gari zuwa gari, wajibi ne a tambayi mutanen wurin sunan da su suke kiran kowace da shi kafin a ɗora lissafi a kai. Idan tsohuwa ta ce tana goyon ɗanta na fari lokacin da aka raba jar dawa ta agaji, mai bincike ya samu turken da zai ɗaure sauran labarinta a jiki.

Ya kamata a tsaya a kan batun mata, domin a nan ne yawancin masu tattara tarihi suke yin sakaci. Idan aka shiga unguwa aka nemi wanda ya san tarihi, kusan kullum wurin dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci ko zauren mai unguwa za a kai mutum, su kuwa abin da suka fi riƙewa shi ne jerin shugabanni da rigingimun fili. Tsofaffin mata su ne suka san wace rijiya ce ruwanta yake da zartsi da wadda ba ta ƙafewa da bazara, su suka san wane gida ya auri wane gida, wace ungozoma ce ta karɓi haihuwar rabin unguwar, da abin da aka ci aka rayu a shekarun da rumbuna suka ƙare. A yankin da maza suke yin wata shida ko shekaru a waje, matan ne suka zauna suka ga abin da ya faru, kuma hirar da za ta fito da wannan sani sai mace ce ta yi ta, a cikin gida, ba tare da maza suna gyara mata zance ba.

Hanya ta biyu ita ce takardu da hotunan da ke cikin gidaje, waɗanda masu su ba su cika ɗaukarsu a matsayin kayan tarihi ba. A cikin adakar ƙarfe ta wani tsohon gida ana iya samun rasiɗin lanho, da littafin tsohon soja, da takardar sayen fili mai sa hannun shaidu, da wasiƙun ajami, wato Hausa da aka rubuta da haruffan Larabci, da hoton samariya, ƙungiyoyin matasa na unguwa-unguwa da aka farfaɗo da su a zamanin Kountché, da kaset ɗin da wani ɗan biɗa ya naɗo muryarsa ya aiko wa mahaifiyarsa kafin zuwan salula. Gara da ɗigar ruwan sama da ɓera su ne manyan abokan gaban waɗannan kaya, sai kuma rabon gado, lokacin da ake share ɗakin mamaci a ƙone abin da aka ga ba shi da amfani. Matakin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauki hoton kowane shafi da waya a cikin inuwa mai haske, a rubuta sunan gidan da abin da aka sani game da takardar, sannan a mayar wa masu ita abinsu nan take, domin tsoron kada a tafi da takarda a ƙi dawo da ita shi ne yake sa iyalai su ce ba su da komai. Ba a manna tsohuwar takarda da salatif, ba a kuma rufe ta da roba mai zafi, saboda duka biyun suna lalata ta a hankali. A sa ta tsakanin farar takarda mai tsabta a ɗaga ta daga ƙasa ya wadatar. Littattafan malamai kuwa, sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, wanda ya ginu a kan abin da masanin nan na Nijar Boubou Hama ya fara tarawa, yana da ƙwarewar da za a nemi shawara a kai.

Akwai wurare a cikin wannan tarihi da suke da ƙaiƙayi, kuma rufe ido a kansu ba zai sa su ɓace ba. Adar ta ƙarni na 19 ƙasa ce da ta sha yaƙe-yaƙe tsakanin Buzayen Kel Geres da na Iwillimmidan da mabiya jihadi, aka kama mutane aka bautar da su, kuma har yau maganar asali tana iya hana aure ko ta tayar da husuma. Haka nan wasu iyalai ba sa son a tuna cewa kakanninsu sun riƙe tsafin gari ko bori, wasu kuma suna tsoron kada labarin wanda ya fara zama ya zama hujja a shari'ar fili. Daidai ne mai magana ya samu ikon cewa a ɓoye sunansa, ko a jinkirta bayyana wani sashe na hirarsa har bayan ransa, kuma daidai ne idan gidaje biyu suka ba da labari mai karo da juna a ajiye duka biyun kowanne da sunan mai shi, ba tare da mai tattarawa ya mayar da kansa alƙali ba. Abin da bai dace ba shi ne a goge Azna ko bayi ko maƙera daga labarin gari domin a faranta wa wani rai, saboda tarihin da aka tace har ya rage sarakuna da malamai kaɗai ya bar mafi yawan mutanen unguwa a waje.

Gine-gine da wurare su ma shaidu ne, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa. A 2017 Tawa ta karɓi baƙuncin bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba ƙarƙashin shirin da aka kira Tawa Sakola, aka shimfiɗa tituna, aka yi sababbin gine-gine, fuskar birnin ta sauya cikin ɗan lokaci. Babu mai ƙin titi mai kyau, amma duk inda za a rushe gini ko a cike tafki ko a sare tsohuwar bishiya, ɗaukar hoto da rubuta sunan wurin da abin da ake yi a cikinsa ba ya cin kuɗin da ya kai na buhun siminti ɗaya. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi da al'adu tun 1997, kuma tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2013, sai dai irin wannan kariya manyan gine-gine take kaiwa, ba ta kai ga maƙerar unguwa ko dandalin da 'yan mata suke gaɗa ba. Waɗannan ba su da mai kare su sai mutanen da suke kewaye da su.

Adanawa ba tare da rabawa ba maimaita kuskuren baya ne, inda ilimi ya fita daga Adar ya kwanta a ɗakunan karatu na nesa. Hanyar da ta fi dacewa da jama'ar da yawancinsu sauraro suka fi yi a kan karatu ita ce rediyo, inda za a saka muryar dattijo da Hausa ko Tamajak, a buɗe layi masu sauraro su yi gyara ko ƙari, domin gyaran da ke zuwa bayan shiri sau da yawa ya fi shirin kansa amfani. Zaurukan WhatsApp da 'yan unguwa mazauna Abijan da Tarabulus suke haɗuwa a ciki sun riga sun zama wurin musayar tsofaffin hotuna, amma waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, saƙo yana gogewa, don haka sai an samu wanda zai riƙa kwashe abin da aka aiko yana ajiye kwafi a wurare biyu ko uku. Makarantu na iya tura ɗalibai su tambayo kakanninsu labarin layinsu su rubuto shi da Hausa, kuma gidan matasa da al'adu na birnin, wanda yake ɗauke da sunan shahararren mai tatsuniya Albarka Cibau, wuri ne da ya dace a baje hotuna da taswirar unguwanni ga kowa ya gani.

Tun 2010 Tawa take da jami'arta, wadda yanzu take amsa sunan Djibo Hamani, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta tarihin Adar da tsarin bincike na zamani. Ga malamanta da ɗalibanta, da hukumar birni, da masu unguwanni, da 'yan biɗar da suke aiko da kuɗin gina masallatai da azuzuwa, kira shi ne a fara da unguwa guda, a ce Bilbis, a naɗi muryar tsofaffinta maza da mata, a bi sawun danginsu zuwa Barmu da sauran garuruwan da suka fito, a ajiye kwafi ɗaya a hannun mai unguwa, ɗaya a jami'a, ɗaya a Yamai. Wanda yake da shekara 15 a ranar samun mulkin kai ya haura 80 a yau, kuma da irinsa ya kamata a fara.